Hoton Dawakin da Ke Alƙibla

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ya Malam da yara? Mu nan Greensboro lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tsohuwar Baturiyar da nake yi wa shara a unguwar Sedgefield tana da hoton tseren dawaki a falo, marigayi mijinta ya kawo daga Faransa. Ta ce da dutse aka buga shi a takarda, kowane launi da dutsensa, kuma irinsa kaɗan suka rage. Ko goge shi ba ta bari in yi.

To, hoton nan daidai alƙibla yake. Kullum da azahar sai in juya fuskarsa bango in yi salla, in na idar in mayar. Shekaranjiya ina tsaye cikin salla ƙusar da ke riƙe da shi ta zare, ya faɗo a gabana. Da na sallame na tarar gilashinsa ya fashe ya yanka jan dokin da ke ciki tun daga wuya har ƙirji.

Tsohuwar ta tafi wurin ɗanta, Juma'a za su dawo tare. Yaya, kin san halin takardun zamana a ƙasar nan. In ya kira 'yan sanda, tawa ta ƙare. Yanzu ko mota ta tsaya a ƙofarmu sai in leƙa ta taga.

Kada Inna ta ji. Ki roƙi Malam ya sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa. Dokin takarda ne, Yaya, amma ina tsoron shi zai maido ni Maraɗi.

Ƙanwarki,
Rabi