Gajimaren Suda

Ulaisha, Riyad
3 ga Agusta, 2016

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ya Gembu, ya yara? Aikina ya ƙare, a Disamba za mu dawo. Sai dai 'yarki Fiddausi ta kafe, wai gidan kawunta a unguwar Al-Oud, nan Riyad, za ta zauna, ba za ta ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Na yi mata alkawari ba zan tilasta ta ba.

Amma na samo dabara! Akwai dutsen Suda kusa da Abha, sanyi da kore sak Mambila. Na ari tanti, kwana uku za mu yi muna yawo. Wallahi tun jiya nake ta murna kamar yaro.

Ƙaninki,
Ghali

Gembu
12 ga Agusta

Ghali,

Wa'alaikumus salam, kowa lafiya. Kai da hawan tudun kasuwa ke sa ka haki, kai ne za ka hau dutse? Yarinyar da ko gaisuwa a waya da Larabci take min, ciyawa ce za ta juya ta? Ka dai tafi mata da rigar sanyi. Ina son ganinta kafin idon nan nawa ya ƙarasa mutuwa, kada ka ɓata min.

Yayarka,
Jamilatu

Riyad
25 ga Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa, mun je mun dawo. Wurin kam masha Allah, gajimare a ƙasan ƙafarmu, ruwa na zuba a Agusta, a ƙasar nan ta hamada! Sauran kuwa abin kunya. Iska ta kwashe tantin, birai suka wawushe dambun naman da uwarta ta yi mana, ni kuma gwiwa ta zaunar da ni a rabin hanya. Ita kaɗai ta kai ƙoli, ta dawo jiƙe sharkaf. Na ce mata haka garinmu yake, sai ta juya ta shige mota. Raina ya ɓaci, ina jin na ɓata miki.

Ga takarda ta bayar a sa a ciki, ta hana ni buɗewa.

Ghali

Gwaggo,

Ina kwana. Hausata kaɗan ce, ki yi haƙuri. Baba ya ce a Gembu gajimare yana shiga har ɗaki. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ki ba ni ɗaki mai taga.

Kada a ba Baba tanti.

'Yarki,
Fiddausi