Gwangwanin Gahawar Babanku

Ranar Lahadi

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar takwarata. Ya aikin kantin magani? Allah ya yi albarka.

Mu nan ga yadda muke. Yayanki lafiya lau, sai ƙiba. Matarsa ta warke daga ciwon haƙori, baki ya koma aiki. Gwaggonku har yanzu ƙafar ce, tana jan ta tana zagin matakala. Ni da sauƙi. Babanku kuma a ido ƙalau yake, yana ci yana sha. Amma ba ƙalau yake ba.

Na rubuto maimakon in kira ki, don kin san da waya ta yi ƙara sai ya jawo kujera ya kasa kunne. Ki yi haƙuri da rubutun. Wadda ta fara riƙe fensir da furfura a kanta, layinta ba zai miƙe ba.

Makon jiya wani tela ya kawo keken ɗinkinsa gyara. Babanku ya kwance shi tas, ya jera sukurorin a murfin gwangwani kamar yadda ya saba shekara arba'in. Daga nan sai ya zauna yana kallonsu. Kwana uku keken na kan benci a warwatse. Da telan ya dawo, sai ya ce masa wani ne ya shigo ya hargitsa kayan. Ba wanda ya shiga shagon, makullin yana hannuna. Yayanki ya kai shi asibiti. Likita ya sa shi zana agogo, ya faɗa masa kalmomi biyar ya ce ya riƙe. Biyu ya kawo. An ce farkon ciwon mantuwa ne. Shi kuwa a hanyar dawowa dariya yake yi, wai likitan yaro ne, ko zare bai iya zura wa allura ba.

Ina da tambaya. Kin san tun da na iya karatu ba na barin takarda ta wuce ni, ko ta ƙunshin sabulu ce. An naɗo mana kwalbar man keke a yagaggen shafin jarida, na bi shi da yatsa sau huɗu. Wai masu bincike sun bibiyi tsofaffi shekara da shekaru, suka ga masu shan gahawa kofi biyu ko uku a rana ba su cika kamuwa da wannan ciwo ba kamar waɗanda ba sa sha. Ƙasan shafin ya yage, ban ga ƙarshen maganar ba. Ke da kike cikin magunguna, gaskiya ne? In mutum ya saba da ita aka raba shi da ita, hakan zai iya jawo masa? Wata maƙwabciya ce ke son sani.

Ki gaida mutanen gidan.

Mahaifiyarki

Ranar Laraba

Auta,

Ina gaishe ki da kyau, ya yarinya da tari? Takardarki ta iso ta hannun direban da ke kai mana saƙo. Kin ce lura ce kawai masu binciken suka yi, ba a tabbatar gahawar ce ke karewa ba, kuma in kwantar da hankali tunda Baba bai taɓa fashin tasa ba. Kin ce in gaida maƙwabciyar. Babu wata maƙwabciya, ni ce.

Kin tuna shekara shida baya da jininsa ya hau, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fasa riga? Ma'aikaciyar jinya ta ce ya rage gahawa. Ya ce sai dai a rage shi. Kin san Babanku, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Na yi lallashi, na yi fushi, na ɓoye butar, ya sayo wata.

A ajinmu na koyon karatu akwai wata mai sayar da kayan ƙamshi. Ita ta koya mini a soya ƙwallon dabino har ya yi baƙi, a daka shi lukui, a sa ɗan kanumfari. Na fara da cokali ɗaya cikin huɗu. Bai ce komai ba. Na kai rabi. Kafin wata biyar babu ƙwayar gahawa ko ɗaya a jan gwangwanin nan na kan kanta. A gidan Gwaggonku nake suyar, ranar da yake fita sayen kayan gyara, don kar ƙauri ya tona ni. Kullum da safe zai kurɓa ya lumshe ido ya ce duk duniya ba mai hannuna. Ni kuma in juya baya ina murmushi, ina ganin na yi dabara. Jinin ya sauka, har na riƙa yaba kaina.

Shekara shida, Auta. Ke kanki kin sha kin yaba.

Tun da na karanta shafin nan abinci ba ya wuce mini. Da ban iya karatu ba, da na hura wuta da shi na huta. Na ɗauko littafin lissafin da Malama ta ba mu, na buga kofi biyu a rana sau shekara shida. Dubu huɗu da ɗari uku da tamanin. Su na hana ƙwaƙwalwarsa da hannuna.

Na yanke shawara, wanda ya sha azumi ai ramawa yake yi. Na sayo ta gaske, mai ƙarfi, na zubar da ta dabinon. Yau kwana huɗu ina ba shi kofi biyar. Yana yamutsa fuska, amma yana shanyewa in na tsaya a kansa. Jiya ya tuna sunan tsohon maigidansa da ya koya masa aiki, ina ganin alama ce.

Don girman Allah kar yayanki ya ji. In ya ji matarsa ta ji, in ta ji kuwa an gama.

Taki,
Inna

Ranar Asabar

'Yata,

Ina fatan kuna lafiya. Saƙonki na cewa in daina nan take ya zo, amma ya tarar da mu a asibiti.

A kwana na tara hannunsa ya fara rawa, abin kwance sukuro ma faɗuwa yake. Barci ya ƙaurace masa. Da hantsi na leƙa shago na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar benci, gumi ya jiƙa rigarsa, ya dafe ƙirji. Kwana ɗaya aka riƙe shi. Garin neman gira na kusa rasa ido.

A barandar asibitin na tare likitan na zayyana masa komai, tun daga ƙwallon dabino har lissafina. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce gahawa ba maganin mantuwa ba ce, ba a kuma rama ta, kuma mai yiwuwa abin da ke rubuce a wurin da ya yage ke nan. Ya hana a ba shi ko kurɓi har mu koma ranar Talata sha tara ga wata. Na tambaye shi kai tsaye ko ni na jawo. Ya ce ba wanda zai iya cewa haka. Na so ya ce ba ni ba ce. Bai faɗa ba, na kuma lura.

Da muka dawo gida na koma wa dabinon, don ba ya karyawa sai da kofi a hannu. Na ƙudura in durƙusa in faɗa masa gaskiya in nemi gafara tun yana gane ni.

Shekaranjiya da safe na kai masa. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Ya ɗago ya dube ni, sai ya gyara hula ya yi mini sannu da zuwa, ya nuna mini wurin zama, ya tambaye ni daga ina, ya mutanen gida. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Na zauna inda ya nuna mini.

Ya kurɓa, ya lumshe ido. Sai ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, kin san mene ne wannan? Ƙwallon dabino ne. Matata ke yi mini saboda zuciyata, tana cewa gahawa. Tun cokalin farko na gane. Kwanakin baya wata ta zo tana ɗura mini ta gaske, na kusa tafiya. Yau ga hannun matata ya dawo. Kar ki faɗa mata na sani, kunya za ta ji."

Na ce ba zan faɗa ba.

Kafin azahar ya dawo daidai, yana kirana da sunan da ya saba, yana faɗan wa ya ɗauke masa tabarau, alhali yana kan goshinsa. Bai san ya yi baƙuwa ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. In na durƙusa na nemi gafara, na ƙwace masa abin da ya ɓoye mini shekara shida don ya rufa mini asiri, ga shi kuma na yi masa alkawari. In na yi shiru, wata rana zan so in faɗa, in tarar babu wanda zan faɗa wa. Ke kika fi kowa sanin halinsa, a cinyarsa kika girma kina wasa da sukurori. Ki faɗa mini wanne zan yi.

Direban zai juyo ranar Litinin. Ki ba shi amsa kafin Talatar nan ta sha tara, kar ki ce sai kin samu sarari. Safiyar yau ya gane ni. Ta gobe ban sani ba.

Ki shafa mini kan takwarata.

Ni ce mahaifiyarki, da hannuna na rubuta.