Bishiyar da Ba a Zama a Gindinta

Talata da dare, Pantai Dalam

Haushi ya hana ni cin abinci. Malamata ce ta ce in bi bishiyar da ke ta fitowa a littafin ƙasar Ailan ɗin nan mai wuyar tsiya, wai ita ce mabuɗinsa. Sati uku ina rubuta cewa inuwa ce, mahaɗar jama'a, kamar darbejiyar ƙofar gidanmu. Yau ta karanta a gaban aji, ta yi dariya: "Hadiza, ƙasarsu sanyi ne da ruwa, wa ke neman inuwa lah?" Wai kaɗaici bishiyar ke nufi. Tir! Bishiya guda, a ce ba mai shimfiɗa tabarma a gindinta?

Na kira Baba in huce. Da ƙyar nake jin muryarsa saboda hayaniya. Yana gindin darbejiya, su bakwai.