Rasuwar Dattijo Abel Daudu da Shafin Waƙar da Ya Ɓace

Cikin alhinin da ya ɗaure mana harshe, mu da aikinmu kullum buɗe baki ne, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Mawaƙan Ikkilisiyoyin Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma marubucin waƙoƙinta, Mai Girma Dattijo Abel Daudu, wanda Ubangiji ya kira gida ranar Talata da hantsi a wani asibiti a Kano, bayan doguwar jinyar da ya sha ba tare da kowa ya ji kokensa ba.

Marigayi Baba Abel ya zo Kazaure daga kudancin Kaduna yana saurayi, a matsayin mai zanen gine-gine, kuma da rular nan da yake zana gidajen mutane ya shafe rayuwarsa yana tsara mana rubutun do-re-mi da mawaƙa ke bi. Wanda bai taɓa tsayawa a layin mawaƙa ba zai ce ai kwafa ce kawai. Ba kwafa ba ce. Baba yakan ba sauti mai tsawo fili mai faɗi, ya matse gajeru kusa da juna, ta yadda ido zai ga tafiyar waƙa tun kafin baki ya kai wurin. Kowace gaɓar kalma tana zaune daidai ƙarƙashin sautinta, ba ya raba kalma tsakanin layi biyu, kuma ba ya yarda ƙarshen shafi ya faɗo a tsakiyar numfashi, ko da zai bar rabin takarda fari fat. Inda za a shaƙi iska yakan ɗiga jar tawada. Saboda wannan ɗigon ne mawaƙan garuruwa huɗu, waɗanda ba sa samun damar gwaji tare, suke haɗuwa a taron shekara su numfasa lokaci guda kamar ƙirji ɗaya gare su.

Ƙungiya na so jama'a su san inda wannan tsari ya samo asali, domin mu kanmu ba mu sani ba sai da muka je gaisuwa. Maiɗakinsa, uwarmu Mama Dorkas, ita ce ginshiƙin murya ta biyu, kuma tun da jimawa yanar ido ta fara rufe mata gani. Bai taɓa ce mata ta haƙura ta koma kujerar baya ba. Sai dai duk shekara ya ƙara wa haruffan takardarta girma, ya ƙara musu tazara, ba tare da ya ce komai ba, ita kuma ta karɓa kamar ba ta lura ba, har haruffan suka kai girman ɗan yatsa. Gaskiya dai, akwai soyayyar da ba a furta ta ko sau ɗaya, ga ta kuma a fili kowace Lahadi, muna kallo ba mu gane ba.

Da mun so mu tsaya a nan, amma ta'aziyyar da ta ɓoye gaskiya ba ta sanyaya zuciya. Lokacin da Baba ke kwance a Kano, an share siton majami'ar Kazaure don a samu wurin ajiye majigi da sababbin kayan sauti. Akwatin ƙarfen da yake tara takardun ƙungiya bayan kowane taro aka zazzage, aka ce tarkace ne, tunda yanzu komai a bango ake haskawa, aka raba wa masu sana'a a bakin hanya takardun su riƙa naɗe kayan sayarwa. Ba a tambayi Mama ba, wadda hasken majigi ba ya nuna mata komai sai hazo. Ba a tambaye mu ba. Ba za mu ambaci suna ba, domin waɗanda suka ba da umarnin iyayenmu ne, kuma mun san ranar jana'iza su ne za su zauna a gaba, su ne za a miƙa wa abin magana su faɗi irin asarar da aka yi.

A cikin akwatin nan akwai waƙar ƙarshe da marigayi ya tsara a daminar da ta wuce, bayan ya fahimci inda ciwonsa ya dosa. Ba a taɓa rera ta ba. Ya gaya wa Mama cewa ta ranar rakiyarsa ce, kuma nata kason yana ciki. Muna miƙa godiya ta musamman ga maƙwabciyarmu Hajiya Baraka mai awara, wadda da ta ji bayani ta kife kaskonta, ta zazzage mana duk abin da ya rage a buhunta, ta kuma bi shagunan da ta san an kai sauran da ƙafarta, tana cewa ita ma ta san mutuwar miji. Ta dalilinta aka samu takardun murya ta ɗaya, da ta uku, da ta huɗu, da shafin farko na takardar Mama, man suya ya ratsa shi amma yana karantuwa. Shafi na biyu ne babu. A wurin kuwa Baba ya bar wa sauran muryoyi layuka uku farare, ya rubuta "a saurara", domin Mama ce kaɗai za ta rera, kuma bai rubuta abin da za ta rera a takardar kowa ba sai tata.

Shugaban mawaƙa ya roƙe ta ta bari ya cike gurbin da abin da zai dace. Mama ta daɗe tana shafa shafin da ke hannunta kafin ta ce, "Ɗana, na gode. Amma abin da ya rubuta mini zan mayar masa, ba abin da ya dace ba."

Saboda haka ƙungiya na roƙon al'ummar Kazaure, Musulmi da Kirista, da matafiyan da suka yi saye-saye a tasha suka wuce Roni, Gwiwa, Ɓaɓura ko Kanya Babba, duk wanda aka naɗe masa awara, tsire ko gyaɗa a takarda mai kauri, mai manyan haruffa da ɗige-ɗigen ja, don Allah ya dawo da ita majami'a kafin safiyar Asabar, ko ta yage, ko rabi ce.

Muna addu'a Ubangiji Mai Ta'aziyya ya riƙe Mama Dorkas, da 'ya'ya da jikoki da dukan dangin marigayi, ya ba su ƙarfin ɗaukar wannan babban rashi, ya kuma ba bawansa hutawa ta har abada.

Ƙungiya ta yanke shawarar rera waƙar a bakin kabari ranar Asabar, an samu shafin ko ba a samu ba. Idan ba a samu ba, to in an zo kan layukan nan uku babu wanda zai cike su. Mama za ta tsaya a wurinta, mu kuma za mu yi shiru daidai tsawon da Baba ya auna. Muna gayyatar waɗanda suka share siton su matso kusa.

Sa hannu:
Sophia Baƙo
Sakatariyar Yaɗa Labarai, Sashen Matasa
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Mawaƙan Ikkilisiyoyin Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa