Fadamar Baba

Levang, 21 ga Yuli, 1983

Zuwa ga Yaya Oddny,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba. Solfrid tana gaishe ku, ko da yake yau ba ta magana da ni sosai.

Daga layin jirgin fito nake rubuto miki. Motarmu ce ta sha tara, jirgin kuwa sha takwas yake ɗauka, saboda haka na sami awa biyu na tunani, abin da matata Solfrid ta ce bai taɓa yi mini amfani ba. Wannan ne fito na biyar tun da muka bar Trondheim. A kowanne sai na ci fanke na sha gahawa mai ɗanɗanon igiyar jirgi, kuma har yanzu ban koyi darasi ba.

Wasiƙarki ta same ni kafin mu taso. Kin ce Baba yana so ya nuna mini fadamar da yake tsinkar multe, 'ya'yan tsiron nan masu ruwan zinariya, don likita ya ce daga bana ƙafafunsa ba za su ƙara kai shi daji ba. Na ji, kuma ina tafe. Sai dai hutu na ɗauka, shekara goma sha ɗaya rabona da arewa, ina so in bi gaɓar teku a hankali in ga ƙasa.

Ga wata shawara da za ta hutar da kowa. Ki ba shi takarda da fensir ya zana mini taswirar wurin. Shekara ashirin da shida ina koyar da labarin ƙasa, ba zan ɓata a bayan gidanmu ba. Ya huta, ni ma in daina duba kalanda.

Ki aiko amsa gidan waya na Bodø.

Ƙaninki,
Torleif

Tana, 24 ga Yuli

Malam Torleif,

Muna lafiya. Ina gaida Solfrid, Allah ya ƙara mata haƙuri.

Na karanta wa Baba wasiƙarka a kan tebur. Da na zo wajen taswira sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Taswira." Can ya sake cewa, "Taswira." Sannan ya ce, "Ki tambayi malamin ko yana so in kai gidan jarida su buga, kowa ya samu." Bai ƙarasa abincin ba.

Karatu ya mantar da kai inda aka haife ka. Wa ka taɓa ji ya rubuta inda yake tsinkar multe? Kakanmu da ƙafa ya kai Baba, bai ce masa uffan ba har suka isa. Hjalmar maƙwabcinmu shekara arba'in yana leƙen ta inda Baba zai shiga daji, Baba kuma yana fita ta bayan rumbun kifi da bokiti a cikin buhu. A gidan nan ɗa namiji ake nuna wa. Ni aikina in wanke in zuba sukari.

Bana multe sun yi fure sosai, sanyi bai taɓa su ba. Wajen biyar ga Agusta za su nuna, kwana goma kuma sun wuce. Kullum da safe sai Baba ya shafa wa takalmansa mai ya ajiye a bakin ƙofa.

Ka ci fankenka, amma ka zo.

Yayarka,
Oddny

Reine, 30 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada ki duba sunan garin nan a taswira, ranki zai ɓaci. Daga Bodø, maimakon mu miƙe arewa, sai na ga jirgin tsibirai yana lodi, na shige layinsa. Awa huɗu muna tangaɗi a teku. Solfrid ta bari sai da gaɓa ta ɓace sannan ta ce, "Torleif, gidanku yana can, ka juyo da mu nan."

Na ce, "Ai duwatsun wajen nan abin kallo ne, an yi rubuce-rubuce a kansu."

Ta ce, "To ka karanta a gida mana. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya yana tsoron tsoho da bokiti."

Na fita waje na tsaya a iska har kunnuwana suka mutu.

Gaskiyarta ne, shi ya sa na ji haushi. Ba kya nan ranar da zan tafi makaranta, ina ɗan shekara sha tara. Baba ya ce in ɗauki takalma mu je ya nuna mini fadamar. Na ce masa ba zan ƙare rayuwata a duƙe cikin taɓo ba, sauro na cin ɗuwawuna. Ya rataya bokitinsa ya fita shi kaɗai, bai kuma sake ambatar zancen ba sai bana. Na karanta littattafai da yawa a kan 'ya'ya da iyayensu, babu wanda ya gaya mini abin da zan ce masa a bakin ƙofa. Kuma ban shirya ganinsa yana dafa bango ba.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Da mun kafa tanti sai in ji kamar in nannaɗe shi. Jiya wani dattijo a jirgi ya ji harshena ya ce, "Ɗan Tana ne kai? Multe sun yi a wajenku bana?"

Na ce, "To, ɗan abin da ba a rasa ba."

Ya ce, "Ta wane ɓangare?"

Ban san lokacin da na ɗaga haɓa na nuna masa rabin duniya na ce, "Can" ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu ya yarda ɗan Tana ne ni. Wurin da ban ma sani ba nake ɓoyewa.

Gobe za mu juya. Ki rubuto Alta.

Naki,
Torleif

Tana, 3 ga Agusta

Torleif,

Gaisuwa. Multe sun fara nuna, Hjalmar ya wuce da bokiti biyu yana yi kamar babu komai a ciki. Jiya Baba ya kira ni da sunan Mama sau biyu. Ka bar kallon duwatsu.

Oddny

Cikin jirgin Lyngen, 14 ga Agusta

Yaya Oddny,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da masauki da kifi da safar da kika cusa mini a jaka. Kwana biyar na yi a gidanki ban iya gaya miki wannan ba. Sai da ruwa ya shiga tsakaninmu.

Kin ga isowarmu, bayan garken barewa ya tsare mu awa guda a kan tudu, ina ta danna ham kamar baƙo. Kin ga yadda Baba ya tarbe ni: ya dubi ƙafata ya ce, "Da waɗannan za ka shiga ruwa?" Kin ga fitarmu ni da shi washegari ta bayan rumbun kifi. Abin da ba ki gani ba shi ne sauran.

Awa biyun farko yana gaba ina baya, ni ne mai haki. Da muka ƙetare rafi na biyu sai ya tsaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya daɗe. Muka bi hagu. Bayan awa guda muka sake fitowa bakin rafin nan, ga sawunmu a taɓo. Ya ga sawun, ya ga na gani. Muka sake tafiya. Sau uku, Yaya. Ni kuma malamin labarin ƙasa ina biye da shi ban san gabas ba.

Daga ƙarshe ya tsaya a wani ɗan dausayi da bai fi tsakar gidanki ba, 'ya'yan da ke ciki ba su cika kofi ba. Ya ce, "Nan ne."

Na ce, "Lallai, Baba. Wuri mai kyau."

Na duƙa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don ya sami zama. Sauro suka yi abin da suka daɗe suna jira. Da za mu taso ya riƙe hannun rigata ya ce, "Kada ka gaya wa kowa." Ban san wanne yake nufi ba, wurin ko ɓatan. Na ce ba zan faɗa ba. Ga shi na faɗa, ke kaɗai.

Abin da muka ce miki, wai tsuntsaye sun riga mu, ƙarya ce, ni na ƙirƙiro ta a hanya. Fadamar ta tafi, Yaya. Tana cikin kansa shekara saba'in, tana jirana tun ina yaro, ni ina layin jirgi ina cin fanke. Ban san ko kwana goman da na ɓatar ne suka jawo ba, ko shekara talatin ɗin. Solfrid ta ce in daina lissafi in ci abinci.

An fara kiran masu mota. Ki kula da shi.

Ƙaninki,
Torleif

Tana, 19 ga Agusta

Ƙanena,

Gaisuwa. Baba yana lafiya. Yana gaya wa Hjalmar cewa ya sauke nauyi, ɗansa ya san wuri. Ka bar shi a haka.

Na san kun ɓata, ina bayanku. Tun rasuwar Mama nake bin sa daga nesa duk shekara, don kada ya faɗi babu kowa. Shekara tara ke nan. Bai taɓa waiwayowa ba, ni ma ban taɓa tari ba.

Fadamar tana nan, bana har ƙasa ba a gani don yawansu. Ba zan rubuta maka inda take ba. Ka zo baɗi, biyar ga Agusta, ta babbar hanya.

Yayarka,
Oddny