Gurbin Babban Yatsa

Funtua, Litinin.

Assalamu alaikum Baffa Maikuɗi,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta. Yaya jiki, yaya Inno, yaya masu kawo niƙa? Wasiƙa na rubuto tunda ƙarar inji ta cinye maka kunne. Ranar da na kira ka a waya, duk layinmu sun ji sirrina kai ba ka ji ba. Ummaru direba zai miƙa maka.

Baffa, ina cikin wani hali. Wani kamfanin kayan girki a Legas na neman mai zana masa hotunan talla, mu biyu muka rage, mutum ɗaya za su ɗauka. Gwajin da suka ba mu shi ne butar shayi a salon da ake kira sitimfank. Wato a zana kayan yau kamar an ƙera su a zamanin jirgin ƙasa mai cin gawayi: tagulla, bututu, tururi, giya mai haƙora a fili. Ina gina butar a manhajar zane, in saka mata haske, sai kwamfuta ta yi awa huɗu tana huci kafin ta fitar da hoto kamar wanda aka ɗauka da kyamara. Wannan mu ke ce wa renda.

Na tura, Madam ɗin da ke dubawa ta ce butata kamar abin wasan yara. Kwana goma sha biyu ta ba ni in gyara. Na kalla har idona ya yi ja, ban ga laifinta ba. Ga hoton nan, ka duba min da idon wanda ya yi shekara talatin a kamfanin gurzar auduga.

'Yarka,
Zuwaira

Dayi, Laraba.

Wa alaikumus salam Zuwaira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, lafiyarmu lau. Inno na cewa kin manta hanyar Dayi. Rubutunki na bahaguwa har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma na karanta.

Da farko na ɗauka butar gaske ce, har na tambayi Ummaru ina kika samo ta. Da na sa tabarau kuwa, wallahi na yi dariya har sai da mai kawo niƙan dawa ta tambaya ko lafiya.

Haba Zuwaira! Giya uku kika haɗa, kowace ta ciji sauran biyun. Ta farko ta juya dama, ta biyu hagu, ta ukun ta bi wa? Wannan ko jakai goma aka ɗaura mata ba za ta motsa ba. Sannan bututun tururinki yana kallon fuskar mai zuba shayi. Kamfanin nan buta suke sayarwa ko gasa ido? Ga agogon gwada ƙarfin tururi kin liƙa shi a gefe, babu bututun da ya shige shi. Me yake gwadawa, zafin rana?

Madam ɗin ta yi miki da sauƙi. Ni da na ce abin wasan ma ya fi, don shi yana juyawa.

Baffanki,
Maikuɗi

Funtua, Juma'a.

Salam Baffa,

Ina gaisuwa, amma ka sani na yi fushi. Kwana na yi ina cewa Baffa bai gane ba, ado ne, ba wanda zai dafa shayi a cikin hoto. Washegari don in ƙaryata ka na umarci manhajar ta juya giyoyin. Baffa, haƙoran suka shige cikin juna kamar an tauna kwano. Ni kaɗai a ɗaki kunya ta kama ni.

Na cire ta ukun, na juya bututu ya kalli gefe, agogo ya samu bututunsa. Na sake renda. Ta gyaru, amma har yanzu da ka kalle ta ka san ƙarya ce, kuma na kasa gane dalili. Na zuba mata tsatsa daga cikin irin wadda ke zuwa da manhajar, sai ta koma kamar mai ƙyanda. Saura kwana takwas. Wancan ɗayan da muke takara da shi an ce shekararsa bakwai yana wannan aiki, ni kuwa biyu, kuma a ɗakin Mama na koya. Tsoro nake ji, gaskiya.

A gai da Inno, a ce mata ina nan tafe in an gama wannan wahala.

Zuwaira

Dayi, Asabar.

Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa. Fushinki ya iso, na ba shi tabarma.

Na ga sabon hoto. Matsalarki ɗaya: ba wanda ya taɓa riƙe butar nan. Kin watsa tsatsa ko'ina kamar barkono a kan tsire. Ƙarfe ba haka yake tsufa ba. Giris yana taruwa a gindin haƙori, samansa kuwa fes yake don kullum yana gugar ɗan'uwansa. Baƙin hayaƙi sama yake bi. Inda ruwa ke ɗiga, tagulla kore take yi. Inda hannu ke taɓawa kuma, nan ne ya fi ko'ina sheƙi.

A cikin ƙunshin tsumman da Ummaru zai ba ki akwai mariƙin bawul na tagulla, wanda ake murɗawa a buɗe wa tururi hanya, daga tsohuwar tukunyar tururin kamfaninmu. Ranar da aka sayar da ita ga 'yan gwangwan na kwance shi na sa a aljihu. Ki kalle shi da safe, ki kalle shi da rana tsaka, ki shafa shi.

Aro ne. Na sake faɗa, aro ne. In ya ɓata, kada ki biyo hanyar Malumfashi ma balle Dayi.

Baffanki

Funtua, Laraba.

Baffa! Baffa!

Ina gaisuwa da sauri don bakina cike yake. Na ɗauki mariƙin hoto ta fuska sittin a tsakar gida, Mama na tambaya ko aure zan yi masa. Na shigar da shi kwamfuta, na mai da shi mariƙin butar, da baƙinsa da korensa da wurin nan da ya lotsa yana sheƙi. Sauran jikin butar ma na bi yadda ka ce. Da hoton ya fito, sai da na kai hannu kan allon.

Madam ta amsa cikin awa ɗaya. Ta ce har ƙamshin shayi ta ji! Sai dai abu guda: gurbin babban yatsa yana gefen da bai dace ba, wai mai kallo zai ga kamar kuskure ne, in juya shi kafin Asabar, ranar da za su yanke hukunci. Abu ne mai sauƙi, maɓalli ɗaya zan danna.

Ni ban ma lura ba, don da na riƙe shi yatsana ya zauna daram. Sai yanzu na tuna ni ce bahaguwa. Wane ne ya riƙe shi har ya ci tagulla haka? Kai dai na san da dama kake aiki.

'Yarka mai murna,
Zuwaira

Dayi, Alhamis.

Zuwaira,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi wa mata uku niƙa na manta ban sa musu rariya ba.

Kin yi tambaya, ba zan ɓoye ba. Hannun ƙanena Ɗanjuma ne, mahaifinki. Shekara goma sha tara shi ke tsaye a kan tukunyar nan. Manyanmu sun yi faɗa sun gaji a kan ya riƙa kamawa da dama, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce tururin bai taɓa kawo ƙara ba. Kina shekara uku ya rasu, kuma bai bar hoto ba sai na katin aiki, wanda ruwa ya cinye. Na so in ba ki labarin tuntuni, nauyin bakina ya hana. Ina kewarsa, Zuwaira, har yau.

Amma ki ji ni da kyau. Ki danna maɓallin nan ki juya. Hoto ne, aikin kuma shi kike nema. Da Ɗanjuma na nan, shi zai fara cewa ki juya. Allah ya jiƙansa, ya ba ki sa'a.

Baffanki,
Maikuɗi

Funtua, Lahadi.

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yafe min, ban juya ba. Na ɗora yatsa a kan maɓallin sau uku, na kasa. Na rubuta wa Madam cewa ba kuskure ba ne, hannun babana ne, bahago ne, in ba su so haka to na gode da damar da suka ba ni. Daga nan na shiga ɗakin Mama muka sha kuka.

Jiya da la'asar amsa ta zo. Sun ɗauke ni, Baffa! Madam ta ce kada in taɓa ko ɗigo, kuma wai a ina na samo wanda ya san inda giris ke kwana.

Sai maganar aro. Ka shirya hana ni hanyar Malumfashi, don ba zan dawo da shi ba.

Zuwaira

Dayi, Litinin.

Zuwaira,

Alhamdu lillahi. Taurin kan nan ma na san inda kika gado shi.

Riƙe abinki. Shekara ashirin da biyu ina gwada yatsana a wurin, bai taɓa zama ba.

Ki zo Juma'a, Inno ta kama zakara.

Baffanki