Layi na Goma Sha Bakwai

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a tsine mini.

Ni akawu ne a ofishin alhazai na Keffi. Shekarun baya da arzikin mai ya buɗe, aka soma kai sunayen maniyyata hedikwata ana zuba wa wata na'ura. Takardar da aka ba ni layi sittin ce cif, aka ja mini kunne cewa in na ƙara ko ɗaya na'urar za ta watsar da duka. Ta cika ranar Laraba. Ranar Alhamis sai ga surukina da fasfo a hannu. Da wane bakin zan ce masa babu wuri? Na ɗauki reza na kankare layi na goma sha bakwai na rubuta shi. Sunan da na kankare na wata tsohuwa ce mai saida daddawa a unguwar Yara, na zaɓe ta ne don na san ba ta da mai tsaya mata. Ta riga ta zaga dangi sallama har Garaku, an fara tsokanarta da Hajiya. Da ta zo na ce, "Inna, na'urar ce ta cika, ta tofar da sunanki." Sai ta ce, "Ba komai ɗana, ashe ƙarfe ma ya san wanda Allah bai kira ba." Har godiya ta yi mini.

Kafin shekara ta zagayo idonta ya tafi, tafiya ta gagara. Ni kuwa tun daga ranar, duk takardar da na buɗe, in na iso layi na goma sha bakwai sai na ga kankarar nan, ko da sabuwa ce fil. Kunya nake ji, tsoro nake ji.

Bana ni ma zan tafi aikin Hajji. Shekaranjiya aka jawo tsohuwar da sanda har ofis, ta miƙo mini ƙullin farin yadi. Ta ce, "Likkafanina ne, tun waccan shekarar yake ajiye. Ka wanko mini shi da zamzam, kai ne ka yi ta wahala da sunana."

Yana cikin akwatina, na kasa rufe akwatin. In faɗa mata, in raba ta da haƙurin da ta rayu da shi? Ko in yi shiru a naɗe ta a ciki tana sa mini albarka? Jama'a, me zan yi?